Tausa ko Allurar Sinawa? Yadda Za Ka Zaɓa Idan Ciwon Jiki Ya Ƙi Tafiya

Tambayar nan ta yawaita, musamman daga masu ciwon baya da wuya da suka gaji da shan diclofenac: a je a yi tausa ne, ko a nemi allurar Sinawa da ake kira akufanca? Wasu kuma 'ya'ya ne da suka gani a waya, suna son kai Baba ko Inna. Amsar tana rataye ga abu uku: irin ciwon, lafiyar mai ciwon, da hannun da zai yi aikin. Ga matakan a jere, kuma don Allah kada a tsallake na farko.

1. Fara ware ciwon da ba a kai wa mai tausa ko mai allura

Akwai ciwon da ke shigowa da kamannin gajiya, alhali wani abu ne babba a ƙarƙashinsa. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti za a nufa a ranar:

Wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi, amai, ko ciwon kai mai tsanani. Sakkwato na cikin yankin da sanƙarau ke tashi daga hunturu zuwa bazara, kuma ba a manta da ɓarnar da ya yi a 2017 ba. Irin wannan wuyan ba a murza shi da man zafi a jira gobe.

Ciwon baya da ya zo da raunin ƙafa, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓi, ko fitsari ya tsaya, ko yana zuba ba da sani ba. Jijiyoyin ƙasan baya ne suka matsu, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barin nakasa ta dindindin.

Ciwon baya mai hana barci, da rama, da zufar dare, ko tari da ya daɗe. Tarin fuka na kama ƙashin baya, kuma dannawa da ƙarfi a kan ƙashin da ya riga ya ci na iya karya shi.

Sharaɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, musamman ga mai jego, ko wanda ya daɗe kwance, ko wanda ya sauko daga doguwar tafiya. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya. Idan aka murza, gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu, kuma wannan yana kisa.

Haka nan ciwon ƙirji da ke miƙawa zuwa hannu ko haɓa, karkacewar baki, ciwon kwiɓi mai fitsarin jini, gaɓar da ta kumbura ta yi zafi rau, ciwon kan mai ciki da ya zo da kumburi ko dishi-dishin gani, da duk ciwon da ya biyo bayan faɗuwa daga babur kafin a ɗauki hoton ƙashi.

2. Rubuta ciwon na mako ɗaya

Samu ƙaramin littafi. Kullum safe da dare ka ba ciwon maki daga 0 zuwa 10, inda 0 ke nufin lafiya ƙalau, 10 kuma wanda ba ka taɓa jin irinsa ba. Ka rubuta inda yake, da abin da ke tayar da shi, da yawan ƙwayoyin da ka sha.

Sannan ka zaɓi aiki ɗaya da ciwon ya hana ka, wanda za a iya aunawa. Ruku'u ba tare da dafa gwiwa da ƙyar ba. Minti nawa ɗan kabu-kabu ke yi a kan babur kafin ƙugu ya riƙe. Waiwayawa ta kafaɗa lokacin sallama. Ba tare da wannan rubutun ba, bayan wata ɗaya ba za ka iya cewa kuɗinka ya yi aiki ko bai yi ba, domin ciwon jiki da kansa yana hawa yana sauka.

3. Daidaita irin ciwon da irin maganin

Nan ne zaɓin yake, don haka mu ɗan tsaya.

Tausa aikin tsoka ce. Tana sassauta naman da ya ɗaure, tana kawo ɗumi a wurin, tana kwantar da jiki har barci ya zo. Ta fi dacewa da ciwon da za ka iya ɗora yatsa a kai ka ce ga shi nan: ƙullutun da ke tsakanin wuya da kafaɗar tela ko mai ɗinkin hula, ƙugun manomin albasa da ya yini a sunkuye a fadama, kafaɗun mai tura kurar ruwa, bayan ma'aikacin da ya yini a kujera. Alamar irin wannan ciwon ita ce yana ƙaruwa da yamma, yana raguwa idan an huta ko an yi wanka da ruwan ɗumi. Sauƙin tausa yana zuwa nan take, amma ba ya daɗewa. Kwanaki ne, wani lokaci mako ɗaya ko biyu, sai fa idan an gyara abin da ke jawo ɗaurewar.

Allurar Sinawa kuwa siraran allurai ne marasa rami, babu wani ruwan magani a cikinsu. Mutane da yawa suna zuwa da tunanin allurar asibiti ce, ba ita ba ce. Ana soka su a wasu wurare na jiki a bar su na ɗan lokaci, su taɓa ƙananan jijiyoyi, jiki ya saki nasa sinadaran rage zafi. Ba ta cika nuna kanta a zama ɗaya ba, sai an jera zama da yawa, amma ga wanda ta karɓa sauƙin kan kai watanni. Gurbinta shi ne ciwon da ya wuce wata uku, an bincika ba a sami wani abu mai haɗari ba.

Inda ta fi ƙarfin hujja shi ne ciwon kai: na ɓari ɗaya mai yawan dawowa, da wanda ke ɗaure kai kamar an matsa naɗin rawani. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta amince a gwada har zama 10 cikin mako 5 zuwa 8 don rage yawan tashin irin wannan ciwon. A kan ciwon baya kuwa masana sun rabu. Ita NICE ɗin a 2016 ta ce kada a yi allurar don ciwon ƙasan baya, ta ce ita ma tausa a haɗa ta da motsa jiki. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP a 2017 ta sa duka biyun cikin abin da za a iya gwadawa kafin ƙwayoyi, sannan ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya ta amince da su bisa sharaɗi. Kan ciwon gwiwa na tsufa ma ba a haɗu a magana ɗaya ba. Abin da za ka ɗauka daga wannan saɓani shi ne amfanin matsakaici ne. Yana rage ciwo, ba ya tumɓuke shi.

Ra'ayinmu a fili: ga yawancin masu ciwon wuya, kafaɗa da ƙugu a Sakkwato, a fara da tausa a hannun ma'aikacin gashin ƙashi, haɗe da atisayen da zai koyar. Ta fi kusa, ta fi araha, haɗarinta ya fi ƙanƙanta, kuma za ka san matsayinka cikin mako biyu. A keɓe allura ga ciwon kai mai maimaituwa, ko ciwon da ya daɗe aka yi tausa da atisaye bai motsa ba, ko mutumin da jikinsa ba ya jure dannawa.

Hattara: ciwon da ke saukowa daga ƙugu ta ɗuwawu har ƙasan gwiwa, da jin kamar lantarki, na jijiya ne. Idan faifan tsakanin ƙasusuwan baya ne ya goce ya danne jijiyar, babu tausar da ke mayar da shi mazauninsa, allura ma haka. Sai likita ko ma'aikacin gashin ƙashi ya duba tukuna.

4. Duba sauran lafiyarka

Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ko clopidogrel, ko mai cutar da ke hana jini tsayawa, ya nemi izinin likitansa kafin allura, kuma tausarsa ta zama mai laushi, domin dannawa da ƙarfi na tara jini a ƙarƙashin fata.

Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa ba ya jin lokacin da aka wuce gona da iri. Kada a gasa masa ƙafa da ruwan zafi, kada a soka allura a tafin ƙafa ko kusa da gyambo.

Tsofaffi, musamman iyayenmu mata, ƙashinsu kan yi rauni. Al'adar sa jika ya hau baya ya tattaka, a daina ta ga wanda ya manyanta. Haƙarƙari na tsagewa da nauyin da bai kai a zata ba.

Mai juna biyu ta faɗa tun kafin a fara. A yi mata tausa tana kwance a gefe, kada a murza sharaɓa da ƙarfi. Masu allura na ƙwarai suna kauce wa mara, da ƙasan baya, da tsakanin babban yatsa da manuniya, da saman idon sawu ta ciki.

Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya yarda a haɗa allurai da lantarki. Mai sikila yana jin daɗin tausa mai laushi da ɗumi, amma idan ciwon ya tashi da zazzaɓi ko ciwon ƙirji, asibiti ne. Ba a tausa ko allura a kan ƙurji, ƙuna, kumburin da ba a san asalinsa ba, ko jijiyoyin ƙafa da suka fito suka nannaɗe.

5. Nemo wanda zai yi aikin

Mutum nagari da hanya mai sauƙi ya fi hanya mai suna a hannun ɗan koyo. Don tausa ta jinya, fara da sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko ka tambaya a Asibitin Ƙashi na Wamakko da Asibitin Ƙwararru. Masu wannan sana'a hukumar MRTB ce ke yi musu rajista, kuma ba rashin kunya ba ne ka ce, "Malam, ko zan iya ganin lasisinka?" Idan mai zuwa gida ne, tambayar ta ma fi zama dole.

Ƙwararrun masu allurar Sinawa ba su da yawa a wannan yanki. Majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yi wa masu irin wannan jinya rajista. Wasu ma'aikatan gashin ƙashi kuma sun yi horo kan busasshiyar allura, wadda ake sokawa kai tsaye cikin ƙullutun tsoka da irin waɗannan allurai. Ka tambayi ko wane ne: a ina ya yi karatu, tsawon wane lokaci, kuma allurarsa ta amfani sau ɗaya ce? Kwas ɗin mako ɗaya ta intanet bai isa ya ba mutum damar soka ƙarfe kusa da huhunka ba.

Mace tana da haƙƙin neman mace ta yi mata, ko ta shiga da 'yar rakiya. A faɗi haka tun wurin karɓar kati, kada kunya ta sa a fasa jinyar gaba ɗaya.

Hattara: ka juya ka fita idan aka ce allura za ta warkar da suga, hawan jini, ko rashin haihuwa, ko aka ce ka ajiye maganin asibiti. Haka idan aka ba ka wani ƙarfe ka riƙe a tafin hannu wai kwamfuta ta gano duk cututtukan jikinka cikin minti biyu, sannan aka jero maka kwalaben da za ka saya. Wannan na'urar ba ta gano komai.

6. Yi lissafin kuɗin jinyar gaba ɗaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne tambayar kuɗin zama ɗaya kawai. Tausa tana buƙatar zama 4 zuwa 6 kafin a yanke mata hukunci, allura kuwa 6 zuwa 10, sau ɗaya ko biyu a mako. Ka ninka kuɗin zaman da wannan adadi, ka ƙara kuɗin kati, da na mota, da ranar aikin da za ka rasa. Idan sai ka bar Sakkwato kafin ka sami mai allura, ka sa masauki da abinci na makonni a lissafi, kuma sau da yawa nan maganar ke ƙarewa. Zuwa sau ɗaya ko biyu a dawo asarar kuɗi ce. Mai inshorar lafiya ya tambaya ko gashin ƙashi na cikin abin da ake biya masa. Kada ka biya kuɗin zama goma a dunƙule tun ba ka ga zama uku na farko ba.

7. Ranar tausa

Kada ka je da ciki cike, ka bar awa ɗaya ko fiye bayan abinci. Ma'aikaci na ƙwarai zai fara da tambayoyi, ya sa ka sunkuya, ka juya, ya laluba wurin, kafin ya taɓa mai. Zaman kan ɗauki minti 30 zuwa 60. Ana farawa da shafa mai faɗi na kamar minti biyar don tsoka ta ɗumama, sai murzawa, sai danna ƙullutu a riƙe na daƙiƙa 30 zuwa 60 har ya saki, a rufe da shafa. A hannu da ƙafa, shafar tana tafiya ne zuwa wajen zuciya.

Ƙarfin dannawa kada ya wuce inda za ka iya numfashi a natse. Idan kana cije baki kana riƙe numfashi, tsokar ƙara ɗaurewa take yi, ka ce a rage. Maganar cewa sai ta yi zafi take aiki ba gaskiya ba ce. Ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai, amma shatar jini a fata alama ce an wuce.

Hattara: ba a danna kan ƙashin tsakiyar baya, ko gaban wuya inda jijiyoyin jini ke hawa kai, ko bayan gwiwa. Kada ka bari wani ya fizge maka wuya ya yi ƙara, ko a shagon aski ne. Sabon targaɗe kuma a bar shi kwana biyu zuwa uku kafin a taɓa.

A gida, miji da mata ko ɗa da uba na iya yin mai sauƙi tsakanin zama da zama: ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na man zaitun, man kwakwa ko man kaɗe, a ɗumama shi a tafin hannu, minti 10 zuwa 15. Wanda ba shi da mai yi masa ya sa ƙwallon tenis tsakanin bayansa da bango ya jingina a hankali. Man zafi kada ya hau fata mai rauni, kuma kada a ɗora tsumman ruwan zafi a kansa, yana ƙona fata. A lokacin bazara a rage mai, yana tayar da ƙurajen zafi.

8. Ranar allura

Ka ci wani abu mara nauyi awa ɗaya ko biyu kafin ka je, ka sha ruwa. Jiri da suma sun fi kama wanda ya zo da yunwa, ko ya sha rana a hanya, shi ya sa mai azumi ya fi kyau ya nemi lokaci bayan buɗa-baki. Zaman farko ka nemi a yi maka a kwance.

Ka ga ya wanke hannu. Ka ga an ɓare allurar daga ledarta a gabanka. Kaurinta wajen rubu'in milimita ne, kuma yawanci ana sa 5 zuwa 20, a bar su minti 15 zuwa 30. Za ka ji ɗan tsini lokacin shiga, sannan nauyi ko tsami a wurin, wannan daidai ne. Zafi mai harbawa kamar lantarki ba daidai ba ne, ka faɗa a gyara ko a cire. Kada ka motsa gaɓar da allura ke ciki. Ka tambayi adadin da aka sa, a ƙirga lokacin cirewa, ka ga an zuba su a akwatin zubar da allura.

Hattara: allurar da aka goge da sifirit aka mayar a gwangwani ba ta tsarkaka ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a kan ƙarfe mako guda ko fiye, kuma cutar ta yawaita a ƙasar nan. Wannan sharaɗin ya hau kan askar wanzami da kayan hijama ma, ga mai haɗawa da ƙaho.

Hattara ta biyu: idan an soka allura a ƙirji, saman kafaɗa, ko tsakanin allunan baya, sannan ka ji numfashi na yankewa, ko sukar ƙirji, ko busasshen tari, a ranar ko washegari, ka tafi sashen gaggawa ka gaya musu an yi maka allura a wurin. Tana iya huda rigar huhu iska ta taru. Ba ya yawan faruwa, amma ya fi samun sirara da masu shan taba.

9. Koma kan littafinka ka yanke hukunci

Bayan zama 4 na tausa, ko 6 na allura, ka buɗe abin da ka rubuta. Idan makin ya sauka da 2 ko fiye, ko aikin da ka zaɓa ya fara yiwuwa, ko ƙwayoyin da kake sha sun ragu, ka ci gaba, amma a riƙa tsawaita tazara: daga mako-mako zuwa bayan mako biyu, sannan wata-wata. Idan babu canji, kada ka ƙara zuba kuɗi don an ce jikinka bai karɓa ba tukuna. Ka gwada ɗayar hanyar, ko ka koma wurin likita a sake dubawa. Idan ciwon ƙaruwa yake, ko wata alama daga mataki na 1 ta fito, a tsaya nan take.

Kada ka fara duka biyun a mako ɗaya, domin ba za ka san wanda ya yi aikin ba. Daga baya ana iya haɗawa, a raba musu ranaku.

Kowace ka zaɓa, kwanakin da ciwon ya lafa su ne na yin atisayen da aka koya maka, tun da a lokacin ne jiki zai yarda. Tafiyar minti 20 zuwa 30 bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, tashi daga keken ɗinki ko kujera duk bayan rabin awa, ɗaga waya zuwa daidai ido maimakon sunkuyar da kai, durƙusawa da gwiwa a ɗauki buhu maimakon lanƙwasa ƙugu. Wanda kuma ya yi makonni yana shan diclofenac ko ibuprofen kullum, balle a zafin Sakkwato da jiki ke rasa ruwa, ya gaya wa likita a auna masa hawan jini da aikin ƙoda.